Daga Gamu zuwa ɗakin fiɗa: wa ke kaiwa ga masu gyaran fuska?

Jawabin da aka gabatar a Gamu, cikin yankin Gure, gaban ƴan kasuwa da ma'aikata



Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da fuska ake gaisawa, da ita ake ciniki, da ita ake neman aure, hotonta ne kuma ake mannawa a katin ɗan ƙasa. To, a ƙauyukan jahar Damagaram, har da na nan yankin Gure, akwai mutanen da ciwo ya cinye wa rabin fuska tun suna ƙanana. Ba a cika ganinsu ranar kasuwa ba. In mace ce sai ta ja lulluɓi har bisa hanci, in namiji ne amawalin rawani ya rufa masa asiri. Maganar yau tasu ce: me likitocin fiɗa suka iya yi musu a wannan zamani, kuma don me waɗanda ke isa hannun likitocin ba su taka kara sun karya ba.

Likitoci suna kiran ciwon da suna noma. Bahaushe in ya ji haka sai hankalinsa ya tafi gona, alhali kalmar ta Girkanci ce, tana nufin abin da ke ci yana yaɗuwa kamar dabba a makiyaya. Sai dai dacen sunan yana da ɗaci, don kusan duk wanda ciwon ke kamawa ɗan manomi ne ko ɗan makiyayi. A ƙasar Hausa waɗansu suna ce masa ciwon iska, waɗansu ciwon daji, a rediyo kuma ana jin zaizayar baki. Sunan ciwon iska ya yi ɓarna ba kaɗan ba, domin uwar da ta yarda iska ce ta taɓa ɗanta, gidan boka za ta nufa da turare, kwanakin da za a ceci yaron kuwa suna tafiya.

Ga yadda abin ke gudana. Yaro ne tsakanin shekara 2 da 6, galibi wanda aka yaye babu abincin kirki, tamowa ta kama shi, ƙyanda ko masassarar cizon sauro ko gudawa ta bi ta kansa a ƴan makonnin baya. Dasashinsa ya fara ja yana jini, baki ya yi wari, miyau na zuba, ya ƙi cin abinci. Daga nan kunci ya kumbura ya yi tauri. Cikin ƴan kwanaki sai wani baƙin tabo ya bayyana a fata, naman wurin ya mutu ya faɗi, a bar rami da ake hango haƙora da ƙashi ta cikinsa. Duka-duka mako ɗaya ko biyu ke nan. A ƙiyasin da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi a 1998, yara 140.000 ne ke kamuwa kowace shekara a duniya, kuma 9 cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Wanda ya ci tuwo kwano ɗaya da mai shi babu abin da zai same shi, duk da gudunsu da ake yi.

Ke nan, duk ci gaban aikin fiɗa da za a ambata yanzu, rabon mutum ɗaya ne cikin goma, wato wanda ya tsira.

Gyaran fuska tsohuwar sana'a ce. Likitocin Indiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna mayar wa mutum hancin da aka yanke masa: su yanko fatar goshi, su bar gindinta a haɗe tsakanin girare, su juyo ta ƙasa su ɗinke. Hikimar da ke ciki ita ce tushen sana'ar har gobe. Tela in zai yi wa riga maho, kowane ƙyalle ya samu ya wadatar. Nama kuwa ba ƙyalle ba ne: mahon da aka raba shi da jijiyar da ke kawo masa jini ruɓewa yake yi. Tarihin wannan fanni kusan duka amsa ce ga tambaya ɗaya, wato yaya za a ɗauko nama daga nesa a kai shi fuska da ransa.

Yaƙin duniya na farko ne ya tilasta wa Turawa neman amsa da gaggawa. Sojan da ke cikin rami kansa ne kawai ke leƙowa, saboda haka harsashi da ɓaraguzan bom suka ragargaza fuskokin dubban samari. A Faransa an ba su suna na musamman mai nufin masu fasasshen baki, har aka kawo biyar daga cikinsu su tsaya a zauren Versailles ranar 28 ga Yuni 1919, wakilan Jamus su gan su kafin su sa hannu. A Ingila kuwa, wani likita ɗan asalin Niyu Zilan mai suna Harold Gillies ya sa aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup a 1917, inda aka yi wa mutum sama da 5.000 aiki sama da 11.000. Dabarar da ta fitar da sunansa ita ce ya yanko fatar ƙirji ko ta kafaɗa, ya naɗe ta ya ɗinke kamar tsiron kabewa, bakinta biyu suna haɗe da jiki. Bayan ƴan makonni sai ya yanke baki ɗaya ya dasa shi gaba, ya jira jini ya kama, ya sake matsawa, har fatar ta yi tattaki ta isa fuska. Aikin yakan ci watanni. A lokacin ba a gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tukuna, naɗewar nan ce ke kare naman daga ruɓewa.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970, lokacin da likitoci suka iya ɗinke jijiyoyin jini ƙanana, masu kaurin milimita 1 zuwa 3, a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, da zaren da ya fi gashin kai siriri. Daga nan tattakin watanni ya koma aikin yini ɗaya. Ana cire fata da tsoka gaba ɗaya daga baya ko cinya ko hannu, tare da jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, a kai fuska, a haɗa su da jijiyoyin wuya. In an kwance matsin da aka yi wa jijiya, naman da ya yi fari fat sai a ga ya yi ja. A 1989 wani likita a birnin Niyu Yok, David Hidalgo, ya nuna cewa ana iya gina muƙamuƙi da siririn ƙashin nan na gefen ƙwauri, wanda ba shi ke ɗauke da nauyin jiki ba: a cire tsakiyarsa, a kakkarya shi a lanƙwasa ya ɗauki siffar haɓa, mai shi kuma ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa. A yau, a manyan asibitoci, kafin a taɓa majinyaci sai an ɗauki hoton ƙashin kansa da na'urar sikana, an zana aikin a kwamfuta, wata na'ura ta ƙera samfurin muƙamuƙin da ma'aunan yanka daidai da mutumin, kamar yadda tela ke fitar da gwaji kafin ya sa almakashi a shadda mai tsada. Ana ɗaure ƙasusuwan da ƙananan faranti da kusoshi na ƙarfen titaniyom, waɗanda jiki ba ya ƙi. Irinsu ne ake sa wa ɗan kabu-kabu da ya faɗi ya karya haɓa.

Abin da jaridun duniya suka fi yayatawa shi ne dashen fuska. Ranar 27 ga Nuwamba 2005, a birnin Amiens na Faransa, likitoci ƙarƙashin Bernard Devauchelle da Jean-Michel Dubernard suka dasa wa wata mata ƴar shekara 38, wadda kare ya yage wa fuska, hanci da leɓɓa da haɓar wata da ta rasu. A 2010 aka dasa fuska sukutum a Barselona, a 2023 kuma a Niyu Yok aka dasa wa wani mutum rabin fuska har da ido. Abin al'ajabi ne, babu musu. Amma cikin kusan shekara 20 mutanen da aka yi wa wannan aiki a duniya duka kimanin 50 ne, kuma kowanensu sai ya sha magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen ransa, in ba haka ba jiki ya tunkuɗe baƙuwar fuskar. Matar Amiens ta rasu a 2016. Wanda ya ce wannan ita ce mafita ga ɗan Gamu da tamowa ta riga ta karya wa garkuwar jiki, bai san Gamu ba.

Abin da ya amfani masu noma dabaru ne da ba su yi suna haka ba, kuma ya kamata a daɗe a kansu kaɗan.

Na farko, ramin da ake gani a kunci ƙarya yake yi. Yayin da gyambon ke warkewa, tabon yana tsukewa yana jawo naman gefe, saboda haka in likita ya saki tabon sai ramin ya buɗe ya fi yadda ake zato girma. Shi ya sa ba a gaggawa. Akan jira watanni, sau da yawa shekara guda, tabon ya zauna, yaron ya ci ya murmure ya iya jure aiki. Na biyu, kunci bango ne mai fuska biyu, ta waje da ta cikin baki. In aka rufe waje kawai, cikin ya tsuke ya ɓata aikin, don haka sai an nemo shafi na ciki da marufi na waje, wani lokaci da ƙashi a tsakaninsu. Ƙaramin rami a leɓe ana cike shi da yanki daga ɗayan leɓen. Wanda ya fi haka ana juyo masa fatar goshi, ko ta ƙarƙashin haɓa, ko ta saman ƙirji a bar ta a haɗe kamar mako uku kafin a raba. Babban rami, wanda ya haɗa kunci da hanci da ƙasan ido, shi ne ke buƙatar aikin madubi. Kusan babu wanda ake gama masa a shiga ɗaya, akwai waɗanda ake yi wa aiki uku, huɗu ko fiye, cikin shekaru.

Mafi wuyar al'amarin kuwa ba a ganinsa a hoto. Tabon yakan ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokaci har ƙashi ya tsiro ya haɗe su, baki ya rufe gam. Akwai yaran da suka yi shekaru suna tura kunu da yatsa ta ramin kunci ko ta giɓin haƙori. In amai ya zo wa irin wannan yaro, yana iya shaƙe shi har lahira. Ga likitan sa barci kuwa wannan babbar matsala ce, domin bututun numfashi ta baki ake saba shigar da shi. Dā sai a lallaɓa ta hanci a makance, ko a huda maƙogwaro. Yanzu akwai wata siririyar igiya mai lanƙwasuwa, da fitila da ido a bakinta, wadda ake zurawa ta hanci ana kallon hanya har cikin maƙogwaro, bututun ya bi bayanta. Ba a buga hoton wannan igiya a shafin farko na jarida ba, amma ita ce ta sa aikin da dā ake tsoro ya zama mai yiwuwa a Yamai da Sakkwato. Bayan an buɗe bakin kuma, sai majinyaci ya yi ta motsa shi kullum, yana cusa ƴan falankai tsakanin haƙora yana ƙara yawansu, watanni da watanni. In ya koma ƙauye ya bari, bakin ya sake rufewa, aikin likita ya tafi a banza.

Ta ina wannan ilimi ya iso ƙasar nan? A 1992, ana tsakiyar mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, jam'iyyu suna ta shirin zaɓe, wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a birnin Lozan a 1980, ta buɗe gidan karɓar yara masu noma a Damagaram. Ma'aikatanta suna shiga ƙauyuka neman yaran, suna yi musu magani, suna ciyar da su, suna bin sawunsu bayan sun koma gida. Waɗanda raminsu ya fi ƙarfin kayan aikin ƙasar nan an riƙa kai su babban asibitin jami'ar Jeneba, inda Farfesa Denys Montandon da Farfesa Brigitte Pittet suka yi suna a wannan aiki, sauran kuma tawagogin likitoci su zo su yi musu a Nijar. Wata ƙungiyar Jamus, Hilfsaktion Noma, da aka kafa a 1994, ita ma ta yi aiki mai yawa a ƙasar nan. A Najeriya an buɗe asibitin yara masu noma na Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga taimaka masa a 2014, a 2023 kuma aka buɗe wata cibiya a Abuja. Ga yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, asibitin CURE ya buɗe a Yamai a 2010.

Daga 1992 zuwa yau an ga jamhuriya ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta shida da ta bakwai, kowace da tsarin mulkinta da alkawuranta. Duk tsawon wannan lokaci, mafi yawan kuɗin da aka gyara fuskar ɗan talakan Damagaram da su daga aljihun masu ba da sadaka na Suwis da Jamus suka fito. Godiya ta wajaba a gare su. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tawagar da ke zuwa mako biyu ta tafi ba ta maye gurbin likitan ƙasa da ke zaune, wanda zai ga majinyaci bayan wata shida. Shi kansa aikin madubi, rabinsa ne kawai ke hannun likitan fiɗa. In jini ya daskare a jijiyar da aka ɗinke, sai an koma ɗakin fiɗa cikin ƴan awoyi, in ba haka ba mahon ya mutu. Wannan yana buƙatar ma'aikacin jinya da ke duba naman dare da rana, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da jini a ajiye. Waɗannan kuwa sha'anin kasafin kuɗi ne da albashi da gyaran janareta, wato sha'anin ma'aikatan da ke zaune a nan da shugabanninsu.

Jahar Damagaram ta kuma ba duniya ilimi a kan wannan ciwo. Daga 2001 zuwa 2006, masu bincike na Jeneba sun bi yara 82 masu sabon kamu a wannan jaha, suka gwada su da yara 327 tsararrakinsu da ba su kamu ba, aka buga sakamakon a 2013. Ba su sami wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba. Ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa ne ke rikicewa su fi ƙarfin jiki in ya raunana. Abin da ya bambanta yaran da suka kamu shi ne tamowa mai tsanani, da rashin lafiya a watanni uku na baya, da uwa mai yawan haihuwa. Har ma sun lura cewa gidajen da ciwon ya shiga sun fi zama marasa kaji. Ba kazar ce magani ba, gidan da ko kaza babu ne ya kai maƙura a talauci. Turai ma ta sha fama da noma a ƙarnonin baya, ya ɓace daga can tun kafin a gano maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mutane suka ƙoshi, daga baya ya sake leƙowa a sansanonin ƴan Nazi irin su Auschwitz. Duk da haka sai ranar 15 ga Disamba 2023 OMS ta sa shi a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta shigar a madadin ƙasashe 32.

A dawo Gamu. A ce yau kuncin wata yarinya ƴar shekara 3 ya kumbura a wani ƙauye na gundumar nan. In an kai ta gidan likita a kwanakin farko, kuma ma'aikacin ya buɗe bakinta ya duba, maganinta sananne ne: amoksisilin da metronidazol, wanke baki da ruwan gishiri mai tsabta, ruwan sha da abinci mai gina jiki. Kuɗinsa bai wuce ƴan jikkuna ba, kuma fuskarta za ta tsira ɗungurungum. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Kowane ma'aikacin lafiya ya san yadda kuɗin da gwamnati ke mayar wa gidajen likita suka yi ta makara shekara da shekaru, har kantar magani ta bushe, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Uwar da ba ta da ko dala sai ta koma gida. In aka yi mako guda, maganar ta wuce Gamu, ta wuce asibitin Gure, sai Damagaram, sama da kilomita 150 daga Gure. In yarinyar ta rayu, gabanta akwai jira na shekara, da tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram zuwa Yamai, ko jirgi zuwa Jeneba ba tare da uwarta ba.

Ƴan kasuwa ma suna da hannu a ciki, kuma gara a faɗa a gabansu. Abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa kyauta, wanda ya bazu a ƙasar nan tun yunwar 2005, ana ganinsa bisa tebura ana sayarwa, manya suna lasa. Kowane ƙunshi daga bakin wani yaro aka fizge shi. Haka nan magungunan da ake tallarsu a rana, ƙwaya biyu ƙwaya uku, suna sa uwa ta ɗauka ta yi magani alhali ta ɓata kwana uku ne kawai.

Su kuma manyan da ciwon ya bar wa tabo tun shekaru 20 ko 30, waɗanda ke bayan lulluɓi da amawali, da yawansu ba su san cewa girma ba ya hana a yi musu aiki ba, kuma ƙungiyoyin da ke wannan aiki ba sa karɓar kuɗin majinyaci. Ba su karanta jarida, ba kuma za su zo taro irin wannan ba. Mai sayen hatsi da ke zaga ƙauyuka ya san gidajensu, malamin lakwal ya san yaron da aka hana zuwa aji saboda fuskarsa, mai allurar dabbobi ya san rugar da ake ɓoye wata budurwa. Abin da ake buƙata daga wanda ya san irin wannan gida shi ne ya yi magana da mai gidan a keɓe, ya sanar da shugaban gidan likita don a rubuta takardar turawa, in kuma motarsa za ta Damagaram ɗauko kaya, ya bar wuri biyu, ɗaya na majinyaci, ɗaya na mai rakiya.